Sunan da Keken Ɗinki Ya Haɗiye

Tanimu tela taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa a nan ba mai ikon ce mini don me. Tun muna yara a garin Dogo nake zaginsa yana ramawa, ga shi har furfura ta cika mana kai a Damagaram ba mu daina ba. Dogo ne siriri, wuya kamar na zalɓe, kuma in ka cire gaisuwa da cinikin ɗinki, maganar da yake yi a yini ba ta cika cokali ba. Amma fa bari ya hau keken ɗinkinsa ya ɗora ƙafa a kan mataki, to, sai ka nemi wurin zama. Waƙa ce za ta yi ta zubowa baiti bayan baiti, shi ya tsara abarsa, ba allo ba takarda. Ya yi wa tsadar gero waƙa, ya yi wa 'yan ga-ruwa, ya yi wa akuyar da ta shiga shagonsa ta cinye aljihun rigar wani zandarma. Da ƙafa ta tsaya, waƙa ta tsaya. Ka tare shi a hanya ka ce ya maimaita maka ko baiti ɗaya, sai ya tsaya yana kallonka baki buɗe. Akwai ranar da waƙar damina ta yi masa daɗi ya ƙi ɗaga ƙafa, ya haɗe wa wani ango ƙafafun wando biyu, aka kai wa bawan Allah buhu ranar ɗaurin aure.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne zamansa da 'yarsa ta fari, Sa'adatu, wadda muke ce wa Sa'a. Kowa ya san kunyar 'yar fari: uba ba ya kiran sunanta, ba ya ɗaukarta a gaban mutane, ba ya yabonta. Don haka ma da aka yaye ta ni aka kawo wa, a ɗakina ta girma. To amma mutanen yanzu suna yi suna sassautawa. Tanimu kuwa ya riƙe abin da hannu biyu. Ƙannenta duk yana ƙwala musu kira har a ji a bakin titi, ita kuwa "ke", ko "waccan", ko "ɗiyar Delu". Delu ni ce. Ranar da ta ci jarrabawa ta zama metires, wato malamar makaranta, ta je ta durƙusa ta gaya masa, ya ce "To," ya ci gaba da zura zare a allura. Ranar da uwarta Halima ta rasu, yarinyar nan ta yi kuka har ta shiɗe, yana tsaye a bakin zaure ya dube ta ya juya ya fita. Wallahi ranar da ba don zaman makoki ba da na kwaɗa masa muciya.

Sa'a ta gaji waƙa wurinsa, ko da yake ba wanda ya isa ya faɗa a gabansu. Ita rubutawa take yi a portabul, wayar hannu ke nan, tana cikin matasan da ke shirya bikin karatun waƙe da ake yi duk shekara a gidan matasa. Bana, ana saura 'yan kwanaki bikin, sai ga labari an canza mata wurin aiki zuwa Bilma. Bilma fa! Can inda gishiri yake fitowa, inda in mutum ya tafi sai dai a ji muryarsa a waya. Za ta gabatar da mawaƙa ranar Asabar, ta hau mota washegari.

Tana ninke kayanta a ɗakina na ce, "Yaushe za ki je ki yi wa babanki sallama?"

Ta ce, "Gwaggo, ba zan je ba."

"Ke! Kanki ɗaya kuwa?"

"In je in ce me? In durƙusa ya ce 'To'? Na ji 'To' ɗin nan ya ishe ni." Ta ajiye zanen da ke hannunta. "Na san al'ada ce, ba sai an gaya mini ba. Amma Gwaggo, tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ko da kuskure. Wani lokaci sai in ce ko ya manta shi ne."

Ta yi dariya don kada in ga hawaye, ni kuwa na gani. Zuciyata ta yi zafi, na ɗauki mayafi ko takalmi ban sa daidai ba, na nufi kasuwar Dole.

Shagon Tanimu yana manne da na Alhaji Kabiru, wani Bakano mai sayar da yadi, wanda kowace mace ta wuce Hajiya ce a wurinsa ko da bakin iyaka ba ta taɓa gani ba. Tun daga nesa na jiyo keke yana tafiya, murya tana binsa. Alhaji Kabiru ya ɗaga mini hannu.

"Hajiya Delu, tsaya ki ji. Ya shiga waƙar jirgi."

"Wace ce kuma waƙar jirgi?"

"Ni na sa mata suna. Shekara da shekaru yana yin ta. Zai yi ta tafiya lafiya lau, da ya zo ƙarshen baiti sai ya taka keken nan da ƙarfi kamar jirgi zai tashi, ba ka jin kalmar ƙarshe. Kwastomomina har firgita suke yi."

Na laɓe a jikin bandirin yadi na kasa kunne. Sai na ji yana cewa:

*Ran haihuwarki na rasa hutu,*
*Ina bayan danga ina leƙe…*

Tarrrrr! Keke ya ɗauka. Amma ni ina ganin bakinsa ta gefen labule, leɓɓansa suna motsi. Yana faɗin wani abu, ƙarar ce take haɗiye shi. Ya sake wani baitin, ya sake tarrrrr. Ban bari ya kai na uku ba na faɗa shagon.

"Kai Tanimu, munafukin Allah ta'ala! Sunan wa kake ɓoyewa a cikin ƙarfe?"

Ƙafarsa ta tsaya cak. Ya ce, "Ke baiwar nan, ba a sallama a garinku?"

"Garinmu ɗaya da kai, mai wuyan zalɓe. Yarinya za ta tafi Bilma ranar Lahadi, ta ce ba za ta zo maka sallama ba. Ta ce ka manta sunanta."

Ya sunkuyar da kai yana juya ƙwaryar zare a hannu. Can ya ce, "Ni na raɗa mata shi."

"To ka faɗa mana!"

"Delu, ba a yi. Babana bai taɓa kiran Yaya Sha'ibu ba har ya koma ga Allah."

"Shi ya sa Yaya Sha'ibu ya tafi Libiya bai waiwayo ba. Kana so ita ma ta bi sahu?"

Na san Tanimu, in ka matsa masa a kan magana sai ya zama dutse. Don haka na bi ta wata hanya. Na ce ba sai ya kira ta ba, ya je bikin kawai ya karanta wannan waƙar, tana wurin, ta ji da kunnenta. Ya ce shi tela ne, me zai kai shi cikin 'yan lakwal masu karatun boko. Na ce to shi ke nan, ni zan hau in karanta, na riƙe baiti biyu, sauran in cike da labarin wandon ango, in faɗi sunan wanda ya ɗinka. Alhaji Kabiru ya leƙo ya ce in haka ne shi zai rufe shago ya zo kallo. Tanimu ya dube ni ya san zan aikata. Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da ke." Daga nan na wuce wurin shugaban bikin, Mushe Mahamud, wani malamin lakwal mai fara'a, don malaman lakwal Mushe ake ce musu, na ce a sa Malam Tanimu tela a cikin masu karatu. Ya ce ai irinsu suke nema.

Ranar Asabar bayan la'asar gidan matasa ya cika. An kafa rumfa, an jera kujeru, an rataya wani dogon farin ƙyalle mai ɗauke da sunan bikin a gaban teburin manyan baƙi. Tanimu ya zo cikin babbar rigarsa ta salla, wadda hannayenta sai ka ce za a shanya gero a kai, ya zauna can ƙarshe kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Ni na zauna a layin mata inda zan iya harararsa.

Na sha kallo ranar. Wani saurayi ya hau da wando a matse yana waƙa da Faransanci yana nuna mu da yatsa, ban ji ko kalma ba amma na tabbata faɗa yake yi mana, na tafa masa don ya huce. Wata yarinya daga Dakusa ta yi waƙar rijiyar garinsu da ta ƙafe, wannan kam ta taɓa ni. Wani dattijon malami daga Damagaram Takaya ya fara da yabon Allah da salatin Annabi, muna amsawa, yana ƙarawa, muna amsawa, har lokacinsa ya ƙare bai shiga waƙar ba. Da Mushe Mahamud ya matso ya raɗa masa, ya ce, "Af, ai ban fara ba." Ya sauka yana cewa baɗi zai ƙarasa.

Sa'a ce take riƙe da mikoro tana kiran mutane, ta yi kyau cikin leshi ruwan ƙasa. Ba ta san da zancen babanta ba sai da Mushe Mahamud ya gaya mata wanda ke biye. Na ga ta yi turus. Ita ma ai ba za ta kama sunan ubanta a bainar jama'a ba. Ta gyara murya ta ce, "Yanzu kuma… sai wani dattijo… tela, daga kasuwar Dole." Na ce a raina, oh ni Delu, gida guda duk ciwo ɗaya.

Tanimu ya hau dandamali yana tattare riga. Aka tsayar da shi gaban mikoro. Ya ce, "Salamu alaikum." Muka amsa. Ya dubi mikoro, ya dube mu. Ya sake cewa, "Salamu alaikum." Muka sake amsawa, wannan karon da ƙarfi ko bai ji ba ne. Ya ce, "Ina wuninku?" Muka ce lafiya lau. "Ina gajiya?" Wani daga baya ya ce, "Ba gajiya, Baba, ya iyali?" Wuri ya ɗauki dariya. Gumi ya karyo masa. Sai na lura da ƙafarsa ta dama: tana ta dannawa a kan katako, dunduniya da yatsu, tana neman abin da ba ya nan. Innalillahi! Ni da na san shi tun yana yawo ba wando, na kawo mutum karatun waƙa na bar waƙar a kasuwa.

Na dubi Sa'a. Ta kawar da kai tana kallon ƙasa, kunya da takaici sun cika mata fuska. In ya sauka a haka, to gara ma da bai zo ba.

Na miƙe na ratsa kujeru ina taka ƙafafun mutane, na je wurin Mushe Mahamud na ce, "Mushe, ka mai da shi ƙarshe. Kayan aikinsa aka manto." Ya ce wane kayan aiki, tabarau? Na ce zai gani. Na ja Tanimu gefe na zura hannu a aljihunsa na zaro makullin shago, na ce in ya motsa daga kujerar nan kafin in dawo sai na bi shi har masallaci. Sannan na damƙi Alhaji Kabiru, wanda dariya ta sa har hularsa ta karkace.

"Alhaji, dariyar ta isa, taso ka yi aikin lada."

Keken Tanimu irin na da ne, baƙi, da teburinsa da ƙafafun ƙarfe, nauyi kamar an cika shi da duwatsun unguwar Birni. Ɗan kabu-kabu na farko da muka tsayar ya dubi keken ya dube mu ya ja moto ya yi gaba. Allah ya haɗa mu da wani mai amalanken jaki, Ali, ya sauke albasa ke nan zai tafi gida. Muka ɗora keke, na hau na rungume shi, Alhaji Kabiru ya ce shi darajarsa ba ta bar shi ya hau amalanke ba, zai bi mu a ƙasa. Ba mu yi nisa ba ya hau. Jakin nan kuwa ba abin da ya dame shi da waƙa. Ya ga ɓawon kankana a bakin hanya ya tsaya sai da ya cinye. Na ce, "Malam Ali, ka yi masa magana mana!" Ya ce, "Hajiya, in aka yi masa magana yana ci, zuciya yake yi." Na ce ashe a Damagaram har jakai 'yan'uwan Tanimu ne.

Muka iso rana ta yi sanyi, saura mutum ɗaya a gama. Da aka ga ƙarti sun ɗauko keken ɗinki sun hau da shi dandamali yana warin albasa, sai wuri ya kaure. Masu shirin tafiya suka dawo suka zauna. Matasa suka ɗaga portabul sama. Mushe Mahamud, Allah ya yi masa albarka, bai ko yi tambaya ba, ya kawo kujera da kansa, ya sunkuyar da mikoro daidai bakin Tanimu.

Tanimu ya zauna, ya shafa keken, ya ɗora ƙafa. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Sai kuma ya ɗago ya ce, a cikin mikoro, kowa yana ji, "Ba ƙyalle."

Na ce daga ƙasa, "Taka haka nan!"

"Allura ba ta tafiya a kan iska, Delu. Zare zai cukurkuɗe."

Duk aka juya ana kallon Alhaji Kabiru mai yadi. Ya riƙe rigarsa da hannu biyu ya ce shi kallo ya zo. Mushe Mahamud ya waiga hagu da dama, ya je gaban teburin manyan baƙi ya kwance dogon farin ƙyallen nan mai sunan bikin ya miƙa wa Tanimu. Tanimu ya murza shi tsakanin yatsu ya ce, "Ba shi da kyau, amma zai yi." Ya ninka bakinsa, ya saka ƙarƙashin allura, ya yi bisimilla, ya taka.

Jama'a, sai ga murya ta fito. Ba wannan ta mai "ina gajiya" ba, wata ce daban, cikakkiya, tana tafiya daidai da ƙat-ƙat-ƙat ɗin keke.

*Da sunan Allah nake fara batu,*
*Mai ba da ɗiya, Mai ba da hutu.*

*Ran haihuwarki na rasa hutu,*
*Ina bayan danga ina leƙe…*

Tarrrrr! A cikin lasifika kuwa ƙarar ta zama ta jirgin gaske, har wata mata ta riƙe kai. Matasa suka yi ihu, sun ɗauka salo ne.

*Ran da aka kai ki lakwal karatu,*
*Na bi ki a baya, ba ki gan ni ba…*

Tarrrrr! Wannan karon rabin wurin suka taya shi da baki. Kafin baiti na gaba ya zama amshi, yara da manya kowa yana jira ya ce tarrrrr, saurayin nan mai matsattsen wando har tsalle yake yi.

*Rigar da kika sa ran fara rubutu,*
*Delu ta ce ta saya, ni na ɗinka…*

"Tarrrrr!" in ji gidan matasa gaba ɗaya. Matan da ke kusa da ni suka juyo suna kallona. Na ce shi ya ce in ce haka, ku bar kallona. Amma idona yana kan Sa'a. Tana tsaye a gefen dandamali da mikoro a hannu, ta daina kallon ƙasa. Ta tuna rigar, shuɗiya ce mai aljihu biyu, ta ƙi cire ta har sai da ta ɗage mata.

*Ran da uwarki ta tafi gidan hutu,*
*Na ga kukanki, bakina ya ƙi…*

Nan masu amshi suka ragu, don an fara gane ba waƙar dariya ba ce. Amma keke bai ragu ba, ya yi tarrrrr ɗinsa ya haɗiye kalmar kamar kullum. Sai haushi ya turnuƙe ni. Wato na sha warin albasa, na yi rigima da jaki, don mutumin nan ya zo gaban 'yarsa ya sake ɓuya a bayan ƙarfe? Zai gama, a tafa masa, ya tattare riga ya tafi, ita kuma ta hau mota da tarrrrr a kunne. Wallahi ba a gabana ba.

Na hau dandamali. Ba wanda ya hana ni, an ɗauka ƙyallen zan riƙe masa, don ya taru a ƙasa. Na tsuguna a gefen keken. Akwai wata igiyar fata da ta haɗa babbar tayar ƙasa da ƙaramar ta sama, ita take juya allura, na sha ganin yana zame ta in zai shafa mai. Shi kuwa ya lumshe ido, ya yi nisa.

*Yau ga ki za ki Bilma, magana ta tabbatu,*
*Wa zan leƙa ta danga kuma…*

Na sa yatsa na zame igiyar. Ƙafarsa ta danna da ƙarfi yadda ta saba, mataki ya tafi fayau ba ƙara, allura ta tsaya, bakinsa kuwa ya riga ya tafi.

"…Sa'adatu?"

Ya fito a lasifika tas, har bangon gidan ya dawo da shi. Ba wanda ya ce tarrrrr. Tanimu ya buɗe ido, ya dubi keken, ya dube ni ina riƙe da igiya, na ga ransa kamar zai fita. Ni kaina sai da gabana ya faɗi, na ce yau na wuce gona da iri, taubasantaka ma tana da iyaka.

Sai muka ji wata murya a ɗaya lasifikar, ƙasa-ƙasa.

"Na'am, Baba."

Ba ta ma san mikoro yana bakinta ba. An kira ta ne, ta amsa.

Na dubi Tanimu. Ƙafarsa ba ta daina taka matakin ba, a hankali, ba igiya, ba abin da zai rufe masa baki. Ya san ba igiya, ya dube ta a hannuna. Mawaƙi kuwa ba ya sauka sai ya faɗi wanda ya yi waƙa. Ya ja numfashi ya ce:

*In an ce wa ya tsara wannan batu,*
*Ku ce Tanimu tela, uban Sa'adatu.*

Wata tsohuwa a bayana ta rangaɗa guɗa, wuri ya ɓarke. Dattijon nan na Damagaram Takaya yana share ido da gefen rawani yana cewa a yi salati. Alhaji Kabiru yana gaya wa duk wanda ke kusa cewa shi maƙwabcinsa ne, shi ya ɗauko keken a kansa. Ni kuwa kuka nake yi sosai, ba na ɓoyewa, ina yi ina zagin Tanimu.

Shi kuwa gogan, da ya ga abin da ya aikata, sai kunya ta dawo masa gaba ɗaya. Ya zabura zai gudu. Ya miƙe, keke ya biyo shi, ya koma ya zauna daɓas. Ashe tun yana lumshe ido ya haɗa hannun babbar rigarsa da ƙyallen bikin ya ɗinke, layi biyu, ɗinki mai kyau irin na salla. Ya ja, ya ƙi. Ya ce, "Delu, don girman Allah cire ni."

Na ce, "Ni? Ai ni baiwa ce, ban iya ba." Na sauka abina da igiyar a hannu.

Sa'a ta ajiye mikoro ta zo ta durƙusa a gefensa, ta kama hannun rigar ta fara warware ɗinkin da farce. Mutane suna ta watsewa ana kiran magariba, Mushe Mahamud yana tsaye nesa kaɗan yana jiran abin da ya rage na ƙyallensa. Tanimu yana kallon sama, yana kallon gefe, ko'ina ban da inda take. Can ya yi gyaran murya.

"Ke…" Ya tsaya. Ya sake ɗaukowa. "Sa'a. Akwai almakashi a aljihun keken."

Ta ce, "Na sani, Baba."

Ba ta ɗauko ba. Ta ci gaba da cire zaren da farcenta, ɗaya bayan ɗaya, shi kuma bai sake ce mata ta yi sauri ba.